Fayil ɗin da Ya Yi Nauyin Buɗewa

Kwana tara bayan ruwan shuka, wasu manoma daga Dandume suka shigo ofishin 'yan sanda na Funtuwa da kwano cike da masarar da suka tono daga kunya. Duk ta ruɓe, ko tsiro ɗaya babu. Irin na wani kamfani ne a gefen gari, buhu ɗari uku, kowanne da takardar shaida wai ƙwaya casa'in da huɗu cikin ɗari na tsirowa.

Aka ɗora wa Sufeto Maiwada aikin. Shi dai ko wayarsa sai an saita masa, amma Allah ya ba shi kunne, kuma ba ya gaggawa.

A kamfanin ya tarar an riga an yanke hukunci. Manaja, Alhaji Sada, ya nuna Lauratu mai gwajin iri, tana gefe idonta jawur.

"Ga ta nan, Sufeto. Kwamfuta ba ta ƙarya. Da sunanta aka canza sakamakon gwajin, ran Juma'a ƙarfe biyu da minti biyar. Duk muna masallaci, Anthony mai kula da kwamfutocinmu kuma yana reshenmu na Malumfashi."

"Talatin da takwas cikin ɗari na rubuta, ranka ya daɗe," in ji Lauratu. "Na ce kada a fitar da irin."

"Kin buɗe fayil ɗin a lokacin?"

"Na buɗe in duba layin dawa, ban kai ga na masara ba. Har haushi ya ba ni, ya fi minti guda yana juyi kafin ya buɗe."

"Wa ya san lambar sirrinki?"

"Malam Rabe mai sito. Bara na ba shi da zan je asibiti, don kada motoci su tsaya jirana."

Maiwada ya ji tausayinta, amma tausayi ba shaida ba ne. Ya wuce sito. Rabe ya tarbe shi da fara'a.

"Yallaɓai, ni buhu na sani. Lokacin da ake magana ina sahun farko, a tambayi liman."

"Wa ke shiga siton nan in ba ka nan?"

Rabe ya bugi aljihu. "Makullin nan ko Alhaji ba ya taɓa shi."

Limamin ya tabbatar, mutanen Malumfashi ma suka ce Anthony na wajensu har la'asar. Saura Lauratu ita kaɗai. Sai dai minti gudan nan ya tsaya wa Maiwada a rai. Ya samu Anthony gaban babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin kowa, wadda suke kira uwar garke.

"Me ke sa fayil ya yi nauyin buɗewa?"

Anthony, haifaffen Funtuwa, ya sosa ƙeya. "Oga, a da komai nauyi yake yi, ma'aikata suka dame ni. Sai na saita uwar garken ta riƙa ba kwamfuta aron fayil. Wanda ya buɗe shi kaɗai, yana aiki a wajensa da sauri, ba ya mayarwa sai wani ya nema."

"Kamar aron garma ke nan. In wani ya zo nema fa?"

"Sai ta aika a karɓo, mai nema ya jira. Lokacin da aka dawo da shi take rubutawa a matsayin lokacin canji."

"To duba min, wa aka ba aro ran Juma'a."

Anthony ya yi 'yan danne-danne, sai ya juyo wa Maiwada fuskar kwamfutar. An ba kwamfutar sito aron fayil ɗin tun ƙarfe goma saura kwata na safe, da sunan Lauratu, bai dawo ba sai biyu da minti biyar.

Maiwada ya tara su a ofishin manaja.

"Alhaji, kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, tambayar ce ba ku iya ba. Da safe aka canza sakamakon, a sito. Lauratu da ta buɗe, karɓo aron kawai ta sa aka yi, shi ne jiran da ta sha. Malam Rabe, kai da bakinka ka ce babu mai taɓa makullinka."

Rabe ya lalubi hularsa. Ba a kai caji ofis ba ya amsa: irin ƙwarai ya karkatar, ya cika buhunan da masarar kasuwa da aka rina ja. Da gwajin Lauratu ya tona asirin, sai ya tuna da lambar da ta ba shi don taimako.

Alhaji Sada ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Lauratu, ki yi haƙuri, ki je gida ki huta."

Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa hannu.

"A ba ni makullin sito, Alhaji, in gwada sauran buhunan. Mutanen Dandume ba su sake shuka ba, damina kuwa ba ta jira."