Tulun Inna da Birkin Gaba

Wai a wani ƙauye can bisa tsauni, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta gangara, an yi wani mutum da ya sayo keken hawan duwatsu, mai tayoyi kamar cinyar bijimi.

Mai gyaran keke ya ce masa, "Maigida, fara koyo a fili tukuna."

Ya ce, "Na sani."

"In za ka gangara, ja jikinka baya, kuma kada ka damƙe birkin gaba."

"Na sani." Alhali ko na gaba da na baya bai bambance ba.

Uwarsa maginiyar tukwane ce, amma tsufa ya sa hannuwanta rawa. Da ƙyar ta gama wani tulu, ta ce, "Daga wannan na daina gini. Kai wa yayarka a gindin dutse. Ɗauka a ka, ka taka da ƙafa."

"Na sani, Inna."

Yana fitowa ya ga jama'a a dandali, sai ya goya tulun da zane, ya haye keke don a gani.

Gangara ta ja shi, keke ya ɗau gudu, tsoro ya kama gogan. Ya damƙe birkin gaba. Keke ya tsaya cak, shi kuwa bai tsaya ba.

Ya tattara tsingaron tulun a rigarsa, ya hau tsauni yana ɗingishi, ya zube su gaban uwarsa.

Tsohuwa ta daɗe tana shafa su da yatsunta masu rawa. Can ta ce, "Matso, ɗan nan, in ga goshinka. Jini yake yi."