Inuwar Sa'ade

Ku matso, ku rage murya. Wannan a kan Lurwanu ya faru, mai tsara fasta da kalanda a kwamfuta, can layin masu ɗab'i.

Ranar Juma'a ce, rana tsaka. Kowa ya rufe ya tafi masallaci, shi ya tsaya wai sai ya ƙarasa aiki. Sai ga wata mata a ƙofa, ba sallama, lulluɓe har ƙasa. Ta ajiye hoton wani yaro.

"Malam, inuwa za ka sa masa."

Ya ɗora hoton yaron a farin shafin kwamfuta, ya sa masa inuwa, ya buga. Takarda ta fito, yaro shara-shara, kana hango fari ta cikinsa. Inuwa babu. Ya sake, haka dai.

"Hajiya, ta ƙi zama."

"Ta inji ba ta kama shi." Muryarta kamar daga cikin randa. "Yara gudunsa suke. Nemo masa wata."

Wallahi ta ba shi tausayi. To, masu sana'ar nan, in inuwa ta yi gardama, daga tsohon aiki suke kwafowa. Ya buɗe fastar saukar 'yarsa Sa'ade, ita kaɗai marigayiya matarsa ta bar masa. Garin sauri, maimakon ya kwafi inuwar Sa'ade, sai ya yanke ta. Ya liƙa wa yaron, ya haɗe shafin wuri guda yadda ake yi kafin bugu. Abin da aka haɗe kuwa ba ya rabuwa.

Takarda ta fito tas. Matar ta rungume ta tana kuka, ta fita. Ya bi ta da kallo. Ita ba ta da inuwa, amma ga wata 'yar ƙaramar inuwa mai kitso biyu tana tsalle a gefenta.

Da gudu ya isa gida. Sa'ade na tsaye cikin rana, ƙasanta wayam.

"Baba, sanyi nake ji."

Ba rubutun da ba ta sha ba. Kullum tana ƙara shara-shara, har yana hango saƙar tabarma ta tafin hannunta. Daga baya murya kawai ta rage. Ita ma ta tafi. Allah sarki.

Don haka kada wanda ya kuskura ya zauna shi kaɗai a shago rana tsaka. Shi dai Lurwanu har yau yana zama, kowace Juma'a, ƙofa a buɗe. Ya yanke inuwar hotonsa ya ajiye, ko matar za ta dawo ta yarda su yi musaya.