Kujerar Tsakiya

"Wa ya ce a cire ta?"

Ni ce mai tambayar. Ga kujerar motar nan yashe a ƙasa a garajin Tanko, ƙafafunta sama, wata ramammiyar akuya na lasar fatarta.

Alkasum ya fito daga cikin motar, hannuwansa duk baƙin mai. "Balki... mi ya fito da ke cikin wagga rana?"

"Na ce wa ya ce a cire ta?"

"Ni ne."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Na kwance sarƙar azurfar da ya ba ni ranar da aka sa mana rana, na ɗora ta kan kujerar.

"Tsaya ki ji, Balkina..."

"Na ji. Habsa ta riga ka faɗi."

Na juya na tafi. Yana kira, ban waiga ba, don ban so ya ga hawayena.

Shekarar nan fari ya ci dabbobi, ya ci mutane, kuma yayata Biba na cikin waɗanda ya ci. Mijinta ya bi hanyar Segedin zuwa Libiya neman aiki, har yau shiru. Aka bar mini 'yan mata uku, ga kuma Inna mahaifiyata da ƙafafu suka daina ɗauka tun kafin farin. Ni ce mai bin layin jar dawar da soji ke rabawa, ni ce mai daka, ni ce mai rarrashi.

Alkasum yana da kanti a Arlit, yana sayar da kayan lambun Timiya, can kuma zan tare bayan biki. Sharaɗi ɗaya na ba shi: inda na sa ƙafa, nan 'ya'yan Biba za su sa. Maganar Inna kuwa ban ɗauko ta ba. Na ji nauyin in ɗora masa tsohuwa a kan marayu uku, sai na roƙi maƙwabciyarmu ta riƙe ta. Ita wannan shawarar ta fi komai ci mini rai, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Hajiya mahaifiyarsa ba ta ɓoye nata ba. "Mata na yarda ya auro, ba zuriya ba. A kai yaran Ingal gun dangin ubansu."

A gefenta kullum akwai Habsa, ɗiyar ƙaninta, wadda ta daɗe da sa ido a kan Alkasum. Yarinya mai murmushi kamar ba za ta iya kashe ƙuda ba.

To a zamanin nan jandarmomi ba sa wasa a shingen hanya. Kawuna suke ƙirgawa su dubi kujera, wanda ya yi yawa nan zai sauka. Shi ya sa ranar da Alkasum ya kai ni gun Tanko, dillalin da ke sayen motocin Turawa masu tsallako hamada, na san ba mota kaɗai ake zaɓe ba.

Tanko ya bugi bayan wata doguwa. "Ga familiyal, motar iyali. Rairayi ba ya ba ta tsoro, kayan gyaranta ko a Timiya ka samu. Ita Hajiya ta ce a ba ka."

"Na baya ta ina suke shiga?" in ji Alkasum.

"Sai a naɗe kujera su rarrafa."

Ya nuna wata mai gilashi ko'ina, 'yar Faransa. Kyau kam ba a magana, har ni sai da na shafa ta. Amma Tanko da kansa ya ce babu makanikin da ya san cikinta tukuna, kuma gilashi a ranar Agadas sai mai haƙuri.

Ta ukun tana can gefe, 'yar Japon, gajera, ba ta da hanci, kamar akwatin amarya da aka sa wa ƙafa.

"Wagga fa tsoron rairayi take," in ji Tanko. "Amma hanyar Arlit kwalta ce, kuma mai lasarsa take, ba sha ba."

Alkasum ya ja ƙofarta ta gefe, ta zame ta buɗe baki wangame. Ya durƙusa ya auna tsawonta daga ƙasa da tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ni dai jeri uku na kujeru na gani, zuciyata ta yi sanyi. Ita ya saya.

Sai ga Habsa da safiyar ranar da na je garajin, da alhininta na ƙarya.

"Wallahi don ina ƙaunarki na zo. Yaya Alkasum ya bi maganar Hajiya. Ya sa an fidda kujera, wurin buhunan albasa yake so. Je ki gani da idonki."

Na je, na gani.

Kwanakin da suka biyo baya ban san me nake ci ba. Ya aiko, na ƙi fita. Ina son sa, so mai zafi, amma na rantse ba zan bar 'ya'yan Biba su girma a hannun da ba su sani ba.

Ranar Juma'a da hantsi muka ji ƙahon mota a ƙofar gida. Lungunmu ko jaki da mangala sai ya karkata, amma ga 'yar gajerar nan ta shigo har bakin zaure.

Asma'u, babbar cikin yaran, ta shigo da gudu. "Anti, ki zo ki ga gado cikin mota!"

Na fito a fusace. Alkasum ya ja ƙofar motar.

Kujerar baya tana nan daram, ƙananan biyu har sun haye. Inda ta tsakiya take, an yi waldar ɗan gajeren gado, da katifa, da matashin fata.

"Na wa ye wannan?"

"Ke kin ƙirga mutum uku," ya ce a hankali. "Ni huɗu na gani a gidan nan."

Na sake duban gadon.

"Inna surukata ce, na san ba ta yarda in ɗauke ta. Shi ya sa na zaɓi mai kusa da ƙasa. Ke da Asma'u kun isa ku shigar da ita, ba tsani ba ɗagawa."

"Mi ya hana ka faɗa mini?"

"Kin bar ni na buɗe baki?" Ya yi murmushi. "Kuma sai da na shawo kan Hajiya tukuna."

"Ta yarda?"

"Ta ce har yanzu wauta nake. Amma dubi bargon."

Na san shi. Bargon gadon Hajiya ne, mai ratsin ja. Ashe a gaban Habsa Hajiya ta naɗe shi ta ba Alkasum, ita kuwa ta kwaso rabin labari ta kawo mini.

Kuka ya ƙwace mini. "Ka yafe mini, masoyina..."

"Sarƙarki na rataye a madubi. Ki ɗauki abarki, tana hana ni ganin baya."

Ni da Asma'u muka tallabo Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuska saboda suruki, shi ma ya juya baya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Da muka kwantar da ita ta shafa bargon.

Can ta yi magana daga cikin mayafi.

"Balki, ce masa kafin Arlit ya bi da ni ta babban masallaci. Rabona da ganin hasumiyar nan tun Biba na goyon Asma'u."

Alkasum ya ja ƙofar a hankali, ya tayar da mota.