Allurar da Ban Miƙa Ba

Tun kafin in ajiye tiren, Injiniya ya kau da kai ya toshe baki.

Ta cikin leda kawai ya hango sirinjin, ja jawur, sai amai ya taso masa.

"Sannu, ango!" Sista ta ce tana miƙa masa roba. "Ba a fara ba har ka karaya? Amarya na kallo fa."

Ni ce amaryar. Ni ce kuma mai haɗa magunguna a sashen masu cutar daji. Saura wata uku aurenmu aka gano ƙullutu a wuyansa. Yau ce allurarsa ta farko. Haka fayil ya ce, haka shi ma ya ce.

"Sista, a taimaka min da ƙanƙara in tsotsa," ya faɗa yana goge baki. "Kuma kar ki wahalar da kanki a hannun hagu, ba za ki samu jijiya ba."



Shekara huɗu ina kai wannan maganin bakin gadaje. Sabon majiyyaci tambayoyi yake jerowa: zai yi zafi? Gashina zai zube? Da gaske fitsari ja yake komawa? Amma wanda launin kaɗai ke juya wa ciki, wanda ya nemi ƙanƙara don gudun gyambon baki ba tare da an gaya masa ba...

Na kalli bayan hannunsa na hagu. Ga tabon da ya ce min ƙunar salansar babur ce. Irinsa maganin ke bari idan ya ɓalle daga jijiya ya ci nama.

"Sista, dakata."

Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya, sai ga kowa a ɗakin ya juyo yana kallona.

"Yaushe aka taɓa yi maka wannan allurar?"

"Me fa, Tauraruwata?"

"Kar ka kira ni haka yanzu. Yaushe?"

Yaya Babba, yayarsa da ta raine shi tun rasuwar iyayensu, ta miƙe daga kujera.

"Ke! Ba a ɗaura ba har kin fara tuhumar miji? Ƙanena bai taɓa kwana a asibiti ba. Yi aikinki, malama!"

"Yaya, ki yi haƙuri." Na ƙara riƙe tiren. "Maganin nan yana kashe daji, amma kowace allura tana barin rauni a naman zuciya, kuma raunin ba ya gogewa. Akwai iyakar da mutum zai karɓa a tsawon rayuwarsa. Likita ya tsara masa nasa ne a kan bai taɓa karɓa ba. In kuwa ya taɓa..."



Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ina shekara sha tara," ya ce a hankali. "Zagaye shida, a wani asibitin."

"Rufe min baki!" Yaya ta daka masa tsawa. Sai ta juyo gare ni, murya ta yi laushi. "Ƙanwata, kin fi kowa sanin mahaifinki. Da ƙyar ya yarda, shi ma don an ce karon farko ne. In ya ji dawowa ciwon ya yi, wallahi babu aure. Ki bari a yi ta yau kawai, sirri ya tsaya a ɗakin nan."

Gaskiyarta game da Abba. Wannan cutar ce ta ɗauke Ummata.

"Tsoron rasa ki ne, Tauraruwata," in ji shi, idonsa ya kaɗa. "Ban san abin ya kai haka ba..."

"Sai ka bari na haɗa maka da hannuna?"

Na juya da tiren, na nufi ofishin Likita.

Hoton zuciya ya nuna ta riga ta raunana. Likita ya daɗe yana kallon takardar.

"Za mu sauya magani," ya ce. "Na biyun bai kai wannan ƙarfi ba, kuma ba zan yi miki alkawari ba. Amma da kin miƙa sirinjin nan, ban san zagaye nawa zai kai ba."

Ban jira Abba ya ji a bakin wani ba. Na same shi a falo, na durƙusa na gaya masa komai.

"An fasa," ya ce. "Shekara biyu na yi ina jinyar mahaifiyarki. Ba zan zauna in ga kin sha abin da na sha ba, a kan wanda ya yi miki ƙarya."

"Abba..." Ban taɓa mayar masa da magana ba. "Ka taɓa yin da-na-sanin shekara biyun nan?"

Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Ko kwana ɗaya," ya ce.

Bayan mako guda ya kira Injiniya, ya sa shi ya faɗi komai da bakinsa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: babu sauran ɓoye-ɓoye. Yaya ba ta yi min magana ba har ranar auren, ranar kuma ta rungume ni ta yi ta kuka.

Gidanmu a sama yake, matakala goma sha takwas. A ta tara mijina yakan tsaya, ya duƙa wai yana gyara takalmi. Ni ma sai in duƙa in gyara nawa.

Jiya a ta shida ya tsaya.

Bai duƙa ba. Ya jingina da bango, leɓensa ya yi fari, ya nemo hannuna.

"Ba takalmi ba ne, Tauraruwata," ya ce. "Kira Likita."