Askin da Tanimu Ya Yi wa Hannunsa

Hular jijiya ta kama kan Tanimu, ta yi 'yar ƙara, fitilunta suka juye daga ja zuwa kore, jikinsa ya saki a kan kujera kamar an zare masa laka. A allon bango kuwa sai ga gwarzonsa ya miƙe a cikin Ƙasar Duwatsu, sanye da sulke, yana jujjuya takobi. Yayarsa Barira ce ta ɗaura masa hular, don aikinta ke nan a wannan gidan wasa na Sabuwar Zariya, can saman bene inda motocin sama marasa direba ke giftawa ta jikin taga. Ta tsaya tana kallon allon, ranta a ɓace.

Tsarin wasan ba wuya. Abin da gwarzonka ya yawaita yi, a nan gwanintarsa ke ƙaruwa. Ka yi ta sara, sara ya hau. Ka yi ta harbi, harbi ya hau. In gwaninta ta taru, sai gwarzon ya ƙara mataki, a ba shi maki ya zaɓi wata baiwa. Amma kowace gwaninta in ta kai ɗari tsayawa take cak, kuma in duk sun cika, hawa ya ƙare. Sai dai ka yi abin da 'yan wasa ke kira aski, wato ka mayar da wata gwaninta sifili, ka kwashi makinta, ka ci gaba da hawa.

A tsohuwar hula aski wasa ne kawai. Sabuwar ce 'yar bala'i. Ita tana karanta abin da hannunka ya iya a duniya, ta kai shi cikin wasan. Maƙeri ya shiga da ƙira, mahauci ya shiga da iya wuƙa. Tanimu kuwa ranar farko ya shiga da gwanintar waraka cike taf, domin maɗori ne ɗan maɗori jikan maɗori. Tun yana ƙarami Babansu ke kama yatsunsa yana ɗora su a kan karaya, har ya iya jin inda ƙashi ya goce ido rufe. Barira ta roƙa a koya mata, aka ce ɗori a gidan nan na maza ne. Baba ya rasu, duk abin da gidan ya gada ya rage a hannun Tanimu shi kaɗai.

To ita Barira ta ga abin da ba a faɗa a talla. Wani tela ya yi wa ɗinkinsa aski a kujerar nan, washegari ya dawo yana kuka, wai ya riƙe almakashi ya rasa ta inda ake soma yanka. Da igiya ɗaya hular take ɗaure gwanintar wasa da ta gaske, in an goge can, nan ma ta tafi. Barira ta kai ƙara wurin kamfanin da ya ƙera hular, suka ce gajiya ce ke damun telan, ya sha ruwa ya huta. Ka ji marasa tsoron Allah!

Da Tanimu ya cire hular, bakinsa har kunne. Ya shiga ba ta labari wai rundunarsu za ta shiga Kogon Sarkin Macizai, kuma ba a shiga sai an kai wani mataki da shi saura kaɗan ya kai. Sara ya aske shi, harbi ya aske, hawan doki ya aske, duk a wasan ya koye su, ba abin da ya same shi. Waraka ce kaɗai ta rage, ga ta da maki tuli.

Barira ta ji zuciya ta zo mata wuya. Ta ba shi labarin telan tiryan-tiryan, ta rantse masa da Allah.

"Yaya, ke dai kin cika tsoro," in ji shi. "Wa ke zuwa ɗori yanzu in ba tsofaffi ba? Inji na asibiti yana yi kafin ki ƙifta ido."

"Hannun Baba ne a jikinka, Tanimu. Ba naka ba ne balle ka ba maciji."

Ya yi dariya. Ta ce in dai ita ce a bakin aiki, ba za ta ɗaura masa hular ba. Ko a jikinsa. Ya gyara riga ya sauka, ya tsallaka wani gidan wasan da ke ƙetaren titi, inda ba wanda ya san ɗan wane ne, a can ya yi wa warakar aski. Da la'asar ya dawo gida yana taƙama, wai yanzu gwarzonsa takobi biyu yake riƙewa. Takobi biyu! Ƙato da gemu.

Ba a rufa mako ba, wata safiya Innarsu ta zame a bakin famfo, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Barira ta ce a kira motar asibiti. Inna ta ce ba inji da zai taɓa ta ga ɗan Maɗori a gida, a kira mata Tanimu.

Ya zo ya durƙusa. Ya kawo man shanu da kara da tsumma, duk ya tuna sunayensu, ya tuna addu'ar da Baba ke yi, ya tofa. Sannan ya kama hannun. Barira na kallon yatsunsa suna yawo a kan kumburin, suna lalube kamar mai neman allura a cikin tabarma. Zufa ta keto masa. Ya ja inda bai kamata a ja ba, Inna ta cije leɓe har hawaye ya zubo. Ta dube shi, ta dubi yatsun, ta janye hannunta a hankali.

"Sake ni," ta ce. "Wannan ba hannun gidan nan ba ne."

A asibiti inji ya haska ƙashin, ya daidaita shi, ya fesa masa farar roba. Barira da Tanimu na zaune a baranda suna jira, ita ko kallonsa ba ta son yi. Can ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, wai kada ta damu, gwanintar da aka aske ta fi saurin dawowa, zai koma wasan ya yi ta warkar da mayaƙa har ta sake cika ɗari.

Barira ta juyo. Da ba asibiti ba ne, wallahi da ta kwaɗa masa mari.

"Ta wasan za ka koya, ka ɗaga hannu haske ya fito. Ta Baba fa, wa zai sake kama yatsunka ya ɗora? Yana kabari."

Tanimu ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Barira ta ɗauka kuka zai yi, har ta ji ta soma saukowa. Sai agogon hannunsa ya yi ƙara: rundunarsu ta taru a bakin kogo, shi kaɗai ake jira. Ya dubi agogon, ya dubi ƙofar ɗakin da Inna ke ciki. Ya miƙe ya ce yanzun nan zai dawo.

Da Inna ta fito da hannu a rataye, ta dubi kujerar da Tanimu ya tashi daga kai, ba ta tambayi inda yake ba. Barira ta ɗauki mayafinta ta yafa mata, suka nufi ƙofa su biyu.