Mai Riƙe Mata Lahadi

"Wato tafiya za ka yi," ta ce, ta fizge bakin zanin gadon daga hannunsa.

Dogo ya bi ta da kallo. Tunda ya fara aiki a ɗakin wankin asibitin nan bai taɓa ganin 'Yar Gida ta ɓata rai haka ba. Shi ya raɗa mata sunan, don duk cikin ma'aikatan su biyu kaɗai ke jin Hausa. Ita Kirista ce, shi Musulmi, injin wanki kuwa a ƙasar mutane bai san Juma'a ba balle Lahadi. Sai suka yi musaya: ta riƙe masa Juma'a ya je masallaci, ya riƙe mata Lahadi ta je coci. Sauran ranakun suna ninke zannuwa tare, ita a can, shi a nan, su tako su haɗu a tsakiya. A wannan takun so ya shige shi ba ko sallama.

Musayar dai ta cuce su ta wani gefen, don hutunsu bai taɓa haɗuwa ba. Ko sau ɗaya bai ganta babu hular aiki ba.

Yanzu Yaya, wanda ya kawo shi ƙasar ya sauke shi a falonsa, ya buɗe shago yana son Dogo ya koma can. Ya ce a shago za su rufe ƙofa ranar Juma'a ba sai sun roƙi kowa ba, kuma da shagon za a riƙe Inna a gida. Da Dogo ya sako zancen yarinyar, Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce abinci suka zo nema, ba su zo su narke cikin mutane ba.

"To Lahadina fa?" ta tambaya. Ya san babu mai yi mata musaya in ba shi ba, kuma takardar zamanta da aikin take rataye. Ko coci, ko aiki.

"Yayana ne, 'Yar Gida... ba zan iya ce masa a'a ba."

Ya tafi. Amma kafin ya miƙa rigar aiki ya roƙi shugabar wajen ta bar masa Lahadi kaɗai. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, wai ba ta taɓa ganin mai roƙon Lahadi ba. Yaya ya yi faɗansa ya gaji, ya ce wannan kam ba lafiya ba.

Haka Dogo ya zaɓi ranar da ba ta zuwa. Ya tsaya a gurbinta, ya ga safar hannunta a rataye, kewa ta cika masa ƙirji. Zani kuma ba ya ninkuwa da mutum ɗaya, sai ya danne shi da haɓa, ya fito a karkace.

Wata Lahadi da azahar ya ji takun takalmi mai tsini a bayansa. Ita ce, cikin kayan coci, kitsonta a waje. Ya saki baki kamar baƙauye.

"An ce mini wani ya karɓi ranar, ba a faɗi ko wane ne ba," ta ce tana share ido. "Amma duk Litinin nakan tarar da ninkin banza. Duk duniya mutum ɗaya na sani mai wannan ɓarnar."

"Na yi kewarki... wallahi na yi kewarki."

"Na sani. Ka gaya wa Yaya, Kawuna da ke riƙona yana gida in an tashi coci, kuma ba ya cizo."

Ta ajiye jaka, ta kama ɗaya bakin zanin, ta ja baya har ya miƙe. Sannan ta fara takowa.