Malam Kashe a Zauren Surukai

Ranar da Imrana ya fara ganin Muhsina, abin da ya fara yi mata shi ne kashe mata caji.

Ɗaliban Poli ne suka zo ziyara masana'antar matsar man gyaɗa da yake aiki a Ƙauran Namoda. Ita ta maƙala wayarta a soket, shi kuma ya zo wucewa, hannunsa ya danna makunni bai ko duba ba.

"Malam, mi wayata ta yi maka?"

Ya juyo, ya ga idanu. Da ƙyar ya ce, "Yi haƙuri, hannun ne."

Ba rowa ba ce, aiki ne. Masu ba masana'antar wuta sun shigo da tsari: duk masana'antar da ta rage wutar da take ci a kan kowace jarkar mai, a sauke mata farashi, abin da ta rage kuma ta sayar wa wadda ta zarce kasonta. Sai ga wutar da ba a ƙona ba ta zama haja. Don haka aka ɗauki Imrana. Ya sa an canza tsofaffin injuna, an naɗe bututun tururi, an daina barin inji yana gurnani babu gyaɗa a cikinsa. Ma'aikata suka sa masa Malam Kashe. Abin ya shiga jikinsa, ba ya iya wuce makunni bai taɓa shi ba.

Kafin ɗalibai su tafi ya karɓi lambarta, wai don ya ƙara ba da haƙuri. Mu maza ba mu taɓa rasa irin wannan dalili ba. Ba a jima ba haƙuri ya koma soyayya, ya rubuta mata, ta ba shi amsa:

"Fitilata, ke kaɗai ce ban son a rage."

"Mitana mai ƙirga wuta, ka dai ci gaba da lissafi. Ni da tsada nake."

Da ta koma gida Zurmi, ya fara zuwa zance da rana, don hanyar ba a yi mata yamma. Ya tarar da abokin takara, Shamsu, ɗan kasuwa daga Shinkafi, mai barin mota a kunne tun zuwansa har tafiyarsa don unguwa ta san ya zo. Muhsina dai babur ɗin Imrana take saurare.

Zauren mahaifinta, Alhaji Maccido, irin na da ne, babu taga, sai ƙwan sola guda da ke ci dare da rana. Ran nan suna zaune, tana ba shi labari, ya tashi zai gyara tabarma. Hannun ya ga makunni.

Ƙyas.

Daidai nan Gwaggo Azumi, yayar Alhaji, ta sako kai da kwanon fura.

"Innalillahi! Wa ya kashe wuta? Kai yaro, a gidan mutane? Da ɗiyar mutane?"

"Gwaggo, wallahi rana ce..."

"Au, da ranar ma!"

Bai san yadda ya hau babur ba. Hularsa ma can ya baro ta. Kafin la'asar Alhaji ya yanke magana: yaron da ke kashe wuta a zaure kada ya sake tako masa ƙofa. Shamsu ya ƙara wa motarsa mai.

Imrana ya daina fita ko shan shayi. Gani yake duk Ƙaura ta ji.

"Mitana, shiru?"

"Fitilata, da wane ido zan kalli Zurmi? In na ce ba da nufi ba ne, wa zai yarda? Ni kaina da wani ya ba ni labarin ba zan yarda ba."

Muhsina ta samu mahaifinta, ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, ku kira shi ku yi masa faɗa da kanku. A cikin zauren. Abin da kunka gani, na yarda da shi."

Alhaji ya kira shi, ya kuma gayyato limamin unguwa, Malam Sufyanu, ya zama shaida. Imrana ya zauna a takure, gumi na bin bayansa. Aka wanke shi tas, tun daga tarbiyya har mutuncin gida. Ba abin da yake cewa sai "Haka ne, Baba. Na yi kuskure, Baba."

"Tashi ka tafi. Ga hularka nan."

Ya tashi, idonsa cike da ƙwalla, ya nufi ƙofa. Hannun, wanda ba a yi wa faɗan da shi ba, ya miƙe.

Ƙyas.

Duhu ya rufe dattawa biyu. Can muryar liman ta fito.

"To, Alhaji, mu ma son mu shikai ke nan?"

Imrana ya so ƙasa ta tsage. Ya lalubi makunnin ya kunna, ya ga Alhaji Maccido ya rufe fuska da babbar riga, kafaɗunsa na rawa.

"Yaro, wannan ciwon, haihuwarka anka yi da shi?"

"A'a, Baba, wurin aiki na ɗauko shi. Biyanmu ake in mun kashe."

"To nan ba mai biyanka." Ya share hawayen dariya. "Na zarge ka da abin da ba shi ne ba. Turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Zurmi. Liman ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya haskaka gidansu, ya nanata kalmar haskakawar har jama'a suka yi dariya, ango ya sunkuyar da kai. Gwaggo Azumi ta ba amarya gudummawar tocila, ta ce ko da za a buƙata.

Da aka kai ta Ƙaura, washegari da safe Imrana ya ga an manne makunnin falo da salatif.

"Fitilata, mene ne wannan?"

"Masana'anta taka ce, Mitana. Wannan nawa ne."

Ya dubi ƙwan da ke ci da rana tsaka, ya dubi matarsa, ya tura hannun cikin aljihu.

Allah ya bar su tare, ya ba hannun nan haƙuri.